Raƙumin Hanyar Kudu

Kamfanin da ke ɗaukar direbobin bas na aikin Hajji bai nemi abu mai yawa daga wurin Majid ba. Lasin tuƙi mai rai, da shaidar cewa babu laifin hanya da ke rataye a wuyansa. Tun kafin ma'aikacin ya ɗago kai daga kwamfuta Majid ya san abin da za a faɗa masa.

"Lasinka ya ƙare, kuma ba zai sabuntu ba," in ji ma'aikacin da Larabci. "Akwai tara a kanka wadda ba a biyanta ta waya, sai ka bayyana gaban kwamitin shari'ar hanya. Ga kuma hatsari da ba a rufe maganarsa ba. Je ka gyara, ka dawo kafin mu cike gurabe."

Majid ya yi godiya ya fito cikin rana.

A Makka aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa Abdulmuhaimin. Kakansu ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi Hajji, bai koma ba. Suna zaune a unguwar Rusaifa, a hawa na biyu na wani tsohon bene, shi da mahaifiyarsa Khadijatu da yayarsa Tahani, wadda ke aikin jinya a asibiti. A da Majid direba ne. Amma shekarun baya, suna dawowa daga ta'aziyya a kudu shi da mahaifinsa, gab da magariba, raƙumi ya faɗo musu kan titi. Majid ya fita da karaya a hannu. Mahaifinsa ya karye a ƙugu da gadon baya, bai sake taka ƙasa ba, ya yi jinyar fiye da shekara ya rasu. Tun daga ranar da motar asibiti ta kwashe su Majid bai koma wajen ba, bai kuma tambayi inda aka kwana da maganar ba. Ya kama tsaron wani shago a unguwar Misfala, yana sayar wa alhazai darduma da carbi. Bana mai shagon ya rufe. Tuƙi ne kaɗai abin da ya rage masa a hannu.

Ya je ofishin 'yan sandan hanya na Makka, wanda kowa ke kira murur. Suka ce maganar ba tasu ba ce, tana can garin da abin ya faru. Ya nemi lambar ofishin can, ya yi ta kira, wayar na ƙara ba mai ɗauka. Ya duba ta wayarsa, shafin ya ce ya tuntuɓi ofishin da ya rubuta tarar. Sai da ya gama zagayen nan duka kafin ya faɗa a gida, bayan an ci abincin rana.

Khadijatu ta ajiye kofin shayinta. "Can ɗin za ka koma?"

"Dole ce, Umma."

"Da wace motar, da wane lasin?" in ji Tahani. Tana kwance a doguwar kujera da kayan aikinta a jiki, hannunta a kan idanunta.

"Zan shiga ta haya."

"Ta haya ta sauke ka a bakin titi, ka taka zuwa ina? Ka san garin?" Ta sauke hannun daga idanunta, sannan ta ce, "Ran Talata ina hutu. Halas, magana ta ƙare, ni zan kai ka."

"Yaya, hutunki ne."

"Na ce halas."

Bayan sallar asuba suka fita a ƙaramar motarta. Suka bar duwatsun Makka a baya, titin ya miƙe kudu, yashi ta dama, tsaunuka masu duhu can nesa ta hagu. Tahani ta kwana biyu tana aikin dare kafin hutun, idanunta sun yi ja, tana tuƙi tana kurɓar gahawa daga wata ƙaramar gora. Majid ya yi ƙoƙarin jan hira don kada ta yi gyangyaɗi. Ya yi maganar kuɗin haya, ya yi maganar ɗiyar maƙwabta da za a aurar. Amsarta ba ta wuce "uhm" ba. Shi ma sai ya bari. Duk lokacin da allon gargaɗi mai hoton raƙumi ya bayyana a gefen hanya, sai ya tarar da ƙafarsa na danna ƙasan motar, wajen da babu birki.

Hantsi ya yi sosai kafin suka bar babban titi suka shiga wata siririyar hanya. Garin ɗan ƙarami ne: masallaci, gidan mai, shagunan sayar da abincin dabbobi, da ginin murur mai hawa ɗaya wanda fentinsa ya koɗe. A ciki mutane kaɗan ne zaune a benci, na'urar sanyi na ɗigar da ruwa cikin bokiti. Majid ya jira layinsa. Tahani ta zauna a ɓangaren mata ita kaɗai, ta jingina kanta da bango.

Ɗan sandan da ke tagar matashi ne, sunansa Ayman a rubuce a ƙirjinsa. Ya karɓi katin Majid, ya danna, ya daɗe yana kallon kwamfutar.

"Lambar ce kawai a nan," ya ce. "Wannan tun kafin a kwashe komai a zuba a na'ura ne. Fayil ɗin takarda ne, yana tsohon ofis."

"Ina tsohon ofis ɗin?"

"Bayan kasuwar tumaki. Amma mai makullin ya kai matarsa asibiti. Zai dawo bayan azahar, in Allah ya so."

Babu abin yi. Suka koma mota, zafi ya kore su. Suka shiga wani gidan abinci da ke jikin gidan mai, aka ba su wani ɗaki mai labule, aka kawo musu shinkafa da kaza. Tahani ta ci loma kaɗan ta ture farantin, ta kwanta a kan dardumar ɗakin da jakarta a matsayin matashin kai. Majid ya zauna yana kallon ƙudaje a kan ragowar shinkafar har aka kira sallah.

Mai makullin ya dawo, dattijo ne marar magana. Tsohon ofis ɗin ɗaki biyu ne cike da kwalaye, wasu a kan kanta wasu a ƙasa, an rubuta shekara a jikin kowanne. Kwalin shekarar da suke nema ba ɗaya ba ne. Dattijon ya buɗe na farko, Majid ya buɗe na biyu, zufa na zuba daga haɓarsa kan takardun mutane. Ya ga sunaye iri-iri, da zanen motoci a kife, da hotunan da suka manne da juna saboda zafi. A kwali na ƙarshe dattijon ya zaro wani fayil kore ya kakkaɓe shi a cinyarsa. Bai ba Majid ba. Ya sa shi a hammata, suka taka tare zuwa sabon ofis.

Kwamitin da Majid ya yi ta fargabarsa mutum ɗaya ne a wani ƙaramin ɗaki, kujeru biyu na gefensa babu kowa. Ya buɗe fayil ɗin ya karanta.

"Takardar motarka ta ƙare a lokacin hatsarin. An ce ka zo ka yi bayani, ba ka zo ba. Haka ne?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Me ya hana ka?"

"Mahaifina yana kwance."

Mutumin ya dube shi ta saman gilashinsa, ya rubuta wani abu, ya buga hatimi. "Na cire maka na rashin zuwa. Sauran zai fito a wayarka, ka biya."

Majid ya fito, ya biya a tsaye a bakin ƙofa. Maganar tara ta ƙare ke nan, shayin mutumin bai ko huce ba. Majid ya ji wani irin haushi da bai san wa zai ɗora wa ba.

Ya koma taga wajen Ayman domin maganar hatsarin. Wannan karon da ɗan sandan ya buɗe fayil ɗin ya ga hoton motar, sai ya ɗago da sauri.

"Kai ne Hausawin raƙumi? Wallahi Ammi Bandar ya gaji da zuwa nemanka."

"Wane ne shi?"

"Mai raƙumin." Ammi da Larabci kamar a ce baffa ne. Ayman ya juyo da takardar. "Shi aka ɗora wa laifi, don ya saki dabba a hanya. Amma ku da aka ji wa ciwo ba ku zo kun nemi haƙƙinku ba, ba ku kuma ce kun yafe ba. To maganar a buɗe take, a kanka da kansa. Shi ba ya iya sabunta komai nasa. Lambar wayar da ke nan mun yi ta kira, a kashe."

Majid ya duba lambar. Ta mahaifinsa ce.

Ayman bai tambaye shi ba ya ɗauki waya ya kira. Majid ya je ya tsuguna gaban Tahani ya yi mata bayani da Hausa, a hankali. Ta saurara har ya gama, fuskarta ba ta canza ba.

"Wato zuwa zai yi nan," ta ce.

"Yana hanya."

La'asar ta kusa sa'ad da wata tsohuwar akori-kura ta tsaya a waje. Mutumin da ya sauko tsoho ne, siriri kamar sanda, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya. Ya shigo yana waige-waige. Da Ayman ya nuna masa Majid, ya zo ya kama hannunsa da hannu biyu, ya sumbaci kafaɗarsa, yana ta jero gaisuwa irin ta mutanen ƙauye wadda ba ta jiran amsa.

"Ɗana, na neme ku," ya ce. "Na je Makka sau biyu, ban san inda zan bi ba. Wa zan tambaya? Na ce Hausawi, aka ce min Hausawa a Makka sun fi duwatsunta yawa." Ya yi 'yar dariya, shi kaɗai. "Raƙuman duk na sayar. Tun daga ranar ban sake son ganinsu ba. Ita wannan taguwar igiya ta tsinka, ɗanta aka raba ta da shi, shi take bi. Yaya dattijon da ke tare da kai? Na gan shi ana sa shi a mota, yana salati. Ya warke?"

"Ya rasu, Ammi."

Tsohon ya saki hannunsa. Ya lalubi benci ya zauna. Ya yi innalillahi, ya maimaita, sannan ya ja ƙyallen kansa ya rufe rabin fuskarsa.

"A dalilin wannan?"

Majid ya buɗe baki zai ce kwana ne ya ƙare. Tahani ta riga shi, daga inda take zaune, da Larabci tsantsa, muryarta ba ta tashi ba.

"A dalilin wannan. Ya fi shekara a kwance. Ni nake juya shi, ni nake wanke masa gyambon bayansa."

Ruwan na'urar sanyi na ta ɗiga a bokiti. Tahani ta juya ga ƙanenta ta koma Hausa. "Kada ka sa hannu a komai."

"Yaya..."

"Na ce kada ka sa."

Ayman ba ya jin Hausa, amma ya gane. Ya ce ai ko Majid ya so ba zai iya shi kaɗai ba. Nasa ciwon zai iya yafewa yau. Na marigayin kuwa haƙƙin magada ne, sai dukkansu sun zo da takardar gado, ko su wakilta mutum ɗaya a rubuce. In kuma diyya suke nema, sai a tura maganar kotu, wadda ke wani garin daban.

Bandar ya roƙe su su je gidansa su ci abinci, ko su sha ruwa. Majid ya ba shi haƙuri. Tsohon ya bi su har mota, ya tsaya a rana, bai matso kusa da tagar Tahani ba.

Sun yi nisa a babban titi kafin ta yi magana.

"Na san abin da kake tunani. Tsoho ne, talaka ne, bai yi da gangan ba. Na gani, ina da ido." Ta gyara riƙon sitiyari. "Kowa yafewa yake da baki. Baba ya yafe yana kwance, Umma za ta yafe tana kan darduma. Kai kana shago daga safe har dare don kada ka ga yadda ya koma. Ban ce ka yi laifi ba. Amma ni na ɗauke shi da hannun nan. Na dawo daga wanke marasa lafiyar mutane in wanke nawa. Ko sau ɗaya ba wanda ya tambaye ni ko na yafe."

"To ina tambayarki yanzu."

"Yanzu da kake neman lasin."

Ya san gaskiya ta faɗa. Suka tsaya suka yi magariba a wani gidan mai, suka ci gaba har fitilun Makka suka bayyana.

Washegari Majid ya ba mahaifiyarsu labari. Khadijatu ta ce ita kam babansu ya faɗa mata tun yana raye cewa dabba ba ta da hankali, kuma ba ya son a tsayar da kowa gaban alƙali saboda shi. Ta ce a shirye take ta je. Sannan ta kalli ƙofar ɗakin Tahani, wadda ke rufe.

"Ita kuma ka ƙyale ta. Kada ka matsa mata."

Bai matsa ba. Ya nemo takardar gado ya ajiye a aljihun tebur. Kwanaki suka yi ta wucewa, gari ya fara cika da alhazai, manyan bas-bas sababbi suka jeru a filayen bayan gari. Ma'aikacin kamfanin ya kira shi sau ɗaya, Majid ya ce bai gama ba tukuna. Ma'aikacin bai sake kira ba. Tahani na fita aiki ta dawo, su gaisa, su ci abinci tare, maganar ba ta tasowa. Da Hajji ya zo aka tura ta asibitin Mina. Shi kuma ya samu aikin kwanaki yana tura tsofaffi a keken guragu, ya kuma yi rabon ruwa a Muzdalifa, a gefen titin da bas-bas ɗin ke bi ɗaya bayan ɗaya, direbobinsu na hamma.

Sai da alhazai suka fara watsewa. Wata rana da yamma Tahani ta shigo, ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa kamar ba za ta iya ƙarasawa ciki ba. Ta rame, muryarta ta dishe.

"Jibi ina hutu," ta ce. "Ka kira wannan ɗan sandan ya gaya wa tsohon."

Su uku suka tafi. Khadijatu na baya da carbinta da ledar dabino da ta dage sai ta kai wa iyalin mutumin. A ofis sun tarar da Bandar ya riga su, yana sanye da farar riga wadda aka yi wa guga. An sake jira, domin mai hatimi ya fita. Da ya dawo aka karanta musu abin da za su sa wa hannu. Khadijatu ta dangwala yatsa. Majid ya sa hannu. Tahani ta karɓi alƙalamin ta riƙe shi na ɗan lokaci, sannan ta rubuta sunanta.

Bandar ya fara yi mata addu'a. Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi, ba da faɗa ba.

"Ammi, ba alheri na yi maka ba. Gajiya na yi. Ka yi wa babana addu'ar, sunansa Abdulmuhaimin."

Tsohon ya maimaita sunan sau biyu don ya zauna masa.

A hanyar dawowa Khadijatu ta taɓa kafaɗar Majid. "Nuna min wajen."

Ya sa ido a titi. An faɗaɗa hanyar, an kafa shingen waya a gefe da gefe har iyakar gani. Ya tuna akwai wata bishiyar ƙaya da wani ɗan tudu. Suka wuce bishiyar ƙaya da tudu, can gaba suka sake wuce wasu irinsu.

"Umma, ban gane ba. Duk iri ɗaya ne."

"To tsaya nan, Tahani."

Ta gangara gefe ta tsaya. Khadijatu ba ta fita ba. Ta sauke gilashi, iska mai zafi ta shigo, ta ɗaga hannuwanta tana motsa baki. Manyan motoci na wucewa suna girgiza tasu. Da ta shafa ta ce su tafi, ƙafafunta sun fara kumbura.

Sunan Majid bai wanku a na'ura nan take ba. Sai da ya ƙara kiran Ayman sau da yawa, aka ce takardar na jiran sa hannun wani da ya tafi hutu. Daga baya ta fita, ya sabunta lasinsa. Kamfanin Hajji ya ce ya dawo baɗi. Ya samu wani otal a Misfala da ke neman direban ƙaramar bas mai kai masu Umara Harami ta dawo da su, tafiyar da ba ta da nisa amma cunkoso ke mayar da ita doguwa. Albashin bai kai na wancan ba. Ya karɓa, ya fara ranar Asabar.